Jan Ruwa a Alƙahira

Ranar Juma'ar da ta wuce ina saman bene a unguwar Faisal, nan Alƙahira, ina juya kifi a kan duro, sai ɗaya daga cikinku ɗaliban nan, Nura, ya hawo ya tura mini waya a fuska, wai in ga sana'ata. Wani kogi ne a ƙasar sanyi. Ruwa na zubowa daga kan dutse, kifaye na tsalle suna neman hawa, wata ƙatuwar dabba mai gashi ta tsaya a sama ta wangale baki kawai, kifi na faɗawa ciki da kansa. Nura ya ce sunan kifin salmon, a teku yake girma, in ya ɗauki ƙwai sai ya koma kogin da aka ƙyanƙyashe shi. Ya ƙara da cewa in dai su haka yake, shi da abokan ɗakinsa za su sayi birgi su huta da sayen banda a wurina. Allah ya ba da sa'a. Mutanen da wankin tukunya ɗaya ke raba kansu, su ne za su zauna a jirgi ɗaya.

Abu guda na tambaye shi: kafin ruwan ya ƙaru, ina kifin yake? Ya mayar da hoton baya ya saurara, sannan ya faɗa mini. A bakin kogi yake tsayawa, ba ya cin komai. In an yi ruwan sama a tudu kogi ya motsa, sai ya tashi ya fuskanci ruwan. In ruwa ya yi kaɗan, sai ya maƙale a gurbi mai zurfi har zafi ya gama da shi. In ya yi yawa, sai ya laɓe bayan dutse ya jira ya lafa. Wannan ɓangaren kuka tsallake saboda babu tsalle a cikinsa, shi ne kuwa sana'ar gaba ɗaya. Ban taɓa ganin salmon ɗinku ba, amma jiran nan na san shi, don shi ya raba ni da jirgi.

Kwasar ruwa da ƙwarya shi ne aikina na farko. A wani ƙauyen Hausawa aka haife ni, a bakin kogin Bahar Azraƙ, reshen Nilu, a Sudan, ƙasa da madatsar Sinnar. Ina yaro aka miƙa ni ga Kawu Jibo, ƙanin mahaifiyata, mutumin da masunta ke zuwa daga ƙauyuka su tambaye shi halin ruwa. Na kwashe ruwan jirgi har bayana ya saba da sunkuyo. Daga nan aka ba ni filafili, sai ɗinkin koma, sai narka darma ina matse ta a gindin birgi. Birgi, tunda ba ku sani ba, raga ce mai da'ira da nauyi a bakinta. Kana rataya kashi a kafaɗa, kashi a hannu, ka riƙe gefe da haƙori, ka juya ƙugu ka saki. In ka iya, ya buɗe kamar faifai. In ba ka iya ba, ya faɗi a dunƙule, wani lokaci da haƙorinka a ciki.

Doka biyu Kawu ya cusa mini, ya haɗa da gefen filafili a gadon baya don kada in manta. Ta farko, in wanda ya koya maka yana wurin, hannunka ba ya jefa birgi sai ya ce jefa, ko furfura ta cika maka kai. Ta biyu, in tarwaɗa ta ɗauki ƙwai, ana rataye raga har jan ruwa ya zo, kuma ayarin farko da ya hau ba a taɓa shi. Dokar na da dalili. A can, bazara na tsotse kogi har ka ga yashin ƙasansa. Sai wata safiya ka ji ƙamshin ƙasa daga ruwa, ya sauko daga duwatsun Habasha ja wur, masu madatsa su buɗe ƙofofi don babu mai iya riƙe shi. Tarwaɗa ta fuskanci ruwan, ta kutsa cikin rafuka har ta kai ciyawar da ruwa ya shanye, ta zuba ƙwai. Ruwan na zama watanni, 'ya'yan su girma su biyo shi. Bayan na farko sun wuce sai Kawu ya ce a jefa, kuma ba a taɓa rasa na kowa ba.

Jifar farko da na yi a Alƙahira, a jirgin Rayyis Abdu na yi ta, rayyis suke ce wa mai jirgi a nan. Na zo garin nan kamar yadda 'yan Sudan da yawa suka zo, na yi dako, na yi gadi, har wata rana na tsaya a bakin ruwa ina kallon wani dattijo yana jefa birgi kamar mai shanya bargo. Na ce ya ba ni in gwada. Ya dube ni, ya dubi matarsa Ummu Sayyid da ke riƙe da filafilai, ya miƙo. Ashe kafaɗarsa ce ta lalace. A jirgin suke kwana, a ciki suke girki, a gefen wani tsibiri da ke kallon unguwar Ma'adi. Muka shirya a take: ni ne hannu, shi ne jirgi. Karfasa, wadda suke kira bulɗi, tasu ce, su kai wa masu sayensu. Tarwaɗa tawa ce, tunda yawancin masu sayen nasa in sun gan ta sai su yamutsa fuska su ce kifin taɓo ne.

A jirgin nan na gane Nilu na Alƙahira ma'aikacin gwamnati ne. Yana tashi in an ce ya tashi, yana sauka in an ce ya sauka. Da zafi ana sake shi saboda masu shinkafa, da sanyi a rage shi don a yashe magudanai. Babbar madatsar kudu ta riƙe cikowa, ta riƙe laka, abin da ke iso mu ruwa ne kore-kore shekara zagaye. Ba ka shaƙar iska ka san abin da zai yi. Matakalar dutse kake dubawa a bakin gaɓa, ka ga inda ya jiƙa jiya da inda ya jiƙa yau. In ya hau, kifi kan ɗan motsa, ba da zuciya ɗaya ba, kamar ku in an tashe ku asuba da sanyi. Na koyi wannan, na ci abinci da shi shekaru.

Banda kuwa, kun ganta kullum amma ba ku taɓa kallonta ba. Ana wanke tarwaɗa da gishiri har yauƙin ya fita, a naɗe ta, a soke wutsiya a kai da tsinke, a jera a ragar waya kan duro. Wuta ba ta tashi, hayaƙi ake so, daga garin katakon da nake roƙa wajen kafintan ƙasan gidanmu. Ka yi gaggawa, waje ya ƙone ciki ɗanye, kwana kaɗan tsutsa ta yi maka sallama. Ka yi sanyin hannu, maƙwabciya ta hawo da zanin gadonta ta sa maka a hanci, ta kira bawwab, wato mai gadin gida, a yi shari'a a kan matakala. Duk wannan ya wuce, sannan ku zo. Ku latsa, ku sansana, ku ce na Kano ya fi, ku janyo mini hadisin sauƙin ciniki, ku ɓantari wutsiya ku ɗanɗana, sannan ku ce sai tallafin karatu ya fito.

Shekarar da ta karya ni tana cikin shekarun nan da gari ya rikice, lokacin da 'yan sandan ruwa suka yi ƙaranci, masu kama kifi da lantarki suka cika kogi da janareto. Amma ba su suka karya ni ba. Kawu Jibo ne ya zo aikin ido. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, 'ya'yansa suka ɗoro shi mota zuwa wurina da farkon zafi. Likita ya ce sai sukarinsa ya sauka, sannan a yi ido ɗaya, a jira, a yi ɗayan. Na ajiye shi a ɗakina. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa, ya zauna hawa na biyar yana sauraron hon ɗin motocin titin Faisal. Bai daɗe ba ya daina cin abinci, ya ce in kai shi kogi ko in mayar da shi gida da makantarsa.

Rayyis Abdu ya karɓe shi da girma. Ya shimfiɗa masa buhu a gaban jirgi, yana ta ya Hajj, ya Hajj, Ummu Sayyid ta dafa masa shayi. Na ɗauki birgi, sai na tuna, na tsaya. Kawu ya ce jefa, na jefa. Ya ji ƙarar faɗuwar darma a ruwa ya ce gefen hagu ya riga na dama, har yanzu ban gyara ba. Ina da jika a lokacin. Na jawo da tarwaɗa a ciki, ya ce a miƙo masa. Ya shafa cikinta, ya matsa da babban yatsa, ƙwai ya fito. Ya sake ta a ruwa da hannunsa.

Ya ce, "Rataye, Isiyaku. Sai jan ruwa."

Na yi masa bayani a jirgi, na sake yi a mota, na sake yi a gida. Na ce Kawu, nan jan ruwa ba ya zuwa, an tare shi a kudu tun kafin in yi wayo. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi a gindin madatsa ya tsufa, ba yaron da zai koya masa madatsa. Kowace shekara yana ganin masu kaki suna rige-rigen buɗe ƙofofi in ruwa ya zo, don babu ginin ɗan Adam da ke riƙe cikowa. In bai iso ba, latti ya yi, hanya ce da nisa. Rayyis ma ya gwada, da Larabcin Masar da hannuwa biyu. Kawu ya saurare shi da ladabi, bayan mun sauka ya ce mini mutumin kirki ne, amma bai san ruwa ba.

Na san abin da ke bakinku, don Nura ya riga ya faɗa: me ya hana in bar tsohon a gida in je in yi aikina? Ku da kuke canza malami in ya tsawaita darasi, ba zan iya fahimtar da ku ba. Hannun da nake ci da shi, shi ya yi shi. Kuma ko na so, mutumin nan makaho ne kawai, hancinsa lafiya lau. Ina shiga ɗaki zai kama hannuna ya sansana, ya san bambancin wanda ya taɓa filafili da wanda ya jawo igiyar birgi. Ban jefa ba.

Haka zafin nan ya wuce. Kullum muna jirgi, ni da Kawu. Na karɓi filafili daga Ummu Sayyid, na ɗinke duk wata raga da ke jirgin har da wadda ba ta yage ba, Rayyis na jifa da ruɓaɓɓiyar kafaɗarsa yana cije leɓe. Aka saki ruwan shinkafa, matakala ta nutse, jiragen maƙwabta suna samu. Kawu ya tsoma hannu ya murza yatsu, ya ce wannan ba ruwa ba ne, fitsarin ruwa ne. Durona ya yi sanyi. Waɗanda suka riga ku zuwa karatu suka koma cin kifin gwangwani, suna aiko mini da saƙon ko lafiya. Ma'alish ɗin Rayyis, wato ba komai ɗinsa, ta fara gajarta. Da farko yakan ce ma'alish, babba ne. Daga baya ma'alish kawai. Daga baya ya kira ni gefe ya ce ɗan 'yar'uwarsa na neman wuri a jirgi, yana da kafaɗu biyu kuma ba shi da kawu. Na roƙe shi ya ƙara haƙuri har a gama idon, ya ce tamam, amma bai dube ni ba.

An yi ido ɗaya, an rufe shi da auduga, zafi ya fara sauka. Sai wata safiya na buɗe famfo don alwala, ya yi tari ya tofo ruwa kalar kunun kanwa, ya ɗauke. Unguwa ta cika da masifar mata da jarkoki. Ashe ruwan sama aka yi a duwatsun gabas, irin wanda kan yi shekaru bai zo ba, kwaruruka suka kwaso laka suka juye a Nilu. Ban faɗa wa Kawu komai ba. Muna sauka daga mota, tun ba mu ga kogi ba, ya tsaya cak ya ɗaga hanci. A bakin gaɓa ya durƙusa, ya ɗebo, ya murza, ya sa a harshe. Kogin ja ne daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya juyo da audugarsa ya ce, "To, ɗan Masar. Wa ya ce ba ya zuwa?" Wallahi na ji daɗi. Na san ba cikowa ba ce, amma na ji daɗi har idona ya kawo ruwa.

Rayyis ya san inda za a je. Kudu da Ma'adi akwai wata magudanar siminti da aka gina don irin wannan ruwa, shekara da shekaru a bushe, mutane na zuba shara a ciki. Ranar tana aman jan ruwa da ƙarfi. A bakinta na ga abin da ban taɓa gani a Alƙahira ba. Tarwaɗa ce kan tarwaɗa, baƙi ƙirin, gashin baki a sama, suna turereniya su shiga su hau. Kifin da aka haifa a ruwan famfo, kakanninsa ma ba su ga cikowa ba, ya ji laka ya tuna. Jirage sun fara taruwa, wasu da kwando ma suke ɗiba. Rayyis ya ɗauko birgi da kansa ya ɗora mini a kafaɗa. Na gyara tsayuwa, na sa gefe a haƙori, na dubi Kawu.

Ya ce, "Na farko ba a taɓawa."

Rayyis ba ya jin Hausa, amma ya ga birgin na sauka daga kafaɗata. Ya ce, "Ya Ishaƙ, jefa. Don Allah jefa. Watanni ina ciyar da mutum biyu da hannu ɗaya."

Na ce Kawu, wannan ruwan ba zai kwana ba. Ya ce ruwan da ya yi tafiyar watanni ba ya komawa a kwana ɗaya, in bar su su wuce, na baya namu ne. Rayyis ya fizge birgin ya juya da dukan ƙarfinsa. Na ji ƙarar kafaɗar daga inda nake. Birgin ya faɗi a dunƙule a gefen jirgi, shi kuma ya zauna a kan gwiwa yana riƙe da hannu. Ummu Sayyid ta taso. Ta karɓi filafilai daga gabana, ta kai mu gaɓa, ta miƙo mini jakata da takalman Kawu. Rayyis ya ce, "Khalas, ya Ishaƙ," wato shi ke nan. Bai ɗaga murya ba, kuma ban ga laifinsa ba har yau.

Kawu bai damu ba. Ya ce fushin masunci ba ya wuce cikar jirgi ɗaya, in na baya suka zo zai neme ni. Da ya ga an kwana biyu, ya ce in kai shi ya ga inda na farkon suka kai, yana so ya taɓa ciyawar da suka zuba ƙwai. Muka bi gefen magudanar a ƙafa, ina riƙe da hannunsa. Wari ne ya fara tarbar mu. Ruwa ya ɗauke tun daren ranar. Abin da ya rage taɓo ne mai tsagewa, da ledoji, da tayoyi, da tarwaɗa kwance iya ganin ido, cikkuna a fashe, ƙwai ya bushe a kan siminti, karnuka sun ƙoshi har sun kwanta. Ya tambaye ni ina ciyawar. Na ce babu ciyawa, Kawu, siminti ne har gindin dutse. Ya ɗaga audugar da likita ya ce kada a taɓa, ya duba da sabon idonsa. Abin da ya fara gani da shi ke nan a garin nan.

Ya daɗe a tsaye. Sai ya ji motsi a wani ɗan gurbi ƙarƙashin taya, ya sauka da kansa, ya lalubo wata da sauran numfashi. Ya naɗe ta a gaban rigarsa, muka juya. Tsoho mai ido ɗaya, riga sharkaf da taɓo, yana ratsa masu gyaran mota suna yi masa dariya, har bakin Nilu, wanda ya riga ya koma korensa kamar bai taɓa yin komai ba. Ya sake ta. Bai ce na yi gaskiya ba, kuma bai ce ya yi kuskure ba. Ya wanke hannu ya ce ruwan garin nan ba shi da amana, in nema masa mota. Ido na biyun ma bai tsaya an yi ba.

Na koma wurin Rayyis bayan na raka Kawu. Ɗan 'yar'uwar na tsaye a inda nake tsayawa, yana jifa kamar mai watsa wa kaji tsaba, amma yana jifa. Aka ba ni shayi, aka tambayi lafiyar Hajj, ba a ce in hau ba. Na zagaya wasu jiragen, labari ya riga ni: Basudanen nan da ya ga kifi ya ajiye raga. Wannan da kuke ci yanzu kuna lumshe ido, kuna cewa kifin Nilu daban ne, daga babbar kasuwa nake sayo shi da safe. A tafkin gona aka yi kiwonsa da abincin kaji, bai taɓa fuskantar ruwa mai gudu ba tunda aka halicce shi. Birgina ga shi can a ƙusa bayan tankin ruwa. Nura, in kun shirya ku ɗauka, ba sai kun saya ba, ku dai kula da haƙoranku.

Kawu na nan da ransa. Ya ɗauka na samu wani jirgin tuntuni, ni kuma ban gyara masa ba. Duk shekara in damina ta kankama a can, jikansa kan kira ni ya miƙa masa waya. Ba ya gaisuwa mai tsawo. Yakan juya wayar wajen kogi in ji rurin ruwa, sannan ya dawo da ita bakinsa.

"Ya zo, Isiyaku. Na farko sun wuce. Kana iya jefawa."

Nakan matsa daga hayaƙin duro don kada tari ya tona ni, in ce, "To, Kawu."